Abin da Ke Tuƙa Jirgi Shi Ke Cin Bakinsa

Ina gaida mutanen Agye da Cadawa, ina gaida na Gazawa da Gangara. Gaisuwa ga Gobirawan Tsibiri da na Gidan Rumji, da Cadakori, da Saye Sabuwa, da Gidan Sori, har can Sululu bakin iyaka. Gaisuwa ta musamman ga masu fito da masunta, da sarakunan ruwa, da kafintoci, domin sharhinmu na yau a ƙofarku zai sauka.

Kafin mu isa bakin gulbi, mu biya ta bakin rijiya. Duk wanda ya tashi a ƙasar Agye ko Gazawa ya san kututturen nan da ake gittawa a bakin tsohuwar rijiya. Ka sa hannu ka shafa shi, za ka ji rami-rami, wani zurfinsa ya kai gaɓar yatsa. Ba gatari ya sare shi ba, ba gizago ba. Igiyar guga ce. Igiya mai laushi, wadda yaro ke naɗewa a hannu, ita ta yanka itace mai tauri, saboda kullum tana bi ta wuri ɗaya. Ku riƙe wannan kututture a zuci, don abin da igiya ke yi masa shi filafili da gora ke yi wa jirgin ruwa.

Abin da ya tayar mini da zancen wani wasa ne da ya bazu a duniya, wataƙila kun taɓa ganin hotonsa a waya. Mutum ne tsaye a kan wani dogon allo mai kamar mita 3, bisa ruwa, riƙe da filafilin da ya ɗara shi tsawo, yana tuƙawa. Wasan ya yi suna ne daga tsibiran Hawai na ƙasar Amurka, inda masu koyar da hawan igiyar ruwa a gaɓar Waikiki suka daɗe suna tsayawa haka a kan allunansu. A farkon shekarun 2000 shahararrun ƴan wasa irin su Laird Hamilton suka sake fito da shi, daga nan ya game Turai da sauran duniya. Ranar da na fara gani, abin da ya zo mini a rai shi ne masuntanmu. Tuƙi a tsaye, ai Sarkawa da Kabawa da masu fiton gulabenmu sun gaje shi kaka da kakanni.

To amma akwai abu guda da na ga masu wannan allo suna yi wanda ya dace mu tsaya a kansa. Allon nan, cikinsa farin soso ne mara nauyi, irin wanda ake tallafe firji da shi a cikin kwali. An lulluɓe shi da zaren gilashi da wani gam mai daskarewa, ya zama ɓawo siriri kamar na ƙwai. Muddin ɓawon yana nan lafiya, allo na yawo a kan ruwa. Da zarar ya ɓantare, ko da gwargwadon ƙwayar gero ce, ruwa ya samu ƙofa. Soso ya sha, allo ya yi nauyi, rana ta bugo shi, ɓawo ya saki jiki. Kuma wa ke ɓantarar ɓawon? Dutse yana yi, faɗuwa daga kan mota tana yi, amma ɓarnar kullum filafilin mai allon ne da kansa. Duk jan da zai yi, gefen filafili ya ɗan goga gefen allo. Duk sauya hannun da zai yi daga dama zuwa hagu, ya ɗan ƙwanƙwasa. Fita guda, ja ɗaruruwa.

Da suka gane haka sai suka tare abin ta hanya uku. Suka manna wa gefen allo wani salatif mai kauri, daidai inda filafili ke bi, don shi ya sha duka. In ya ƙare a ɓare a sa sabo. Suka naɗe kaifin filafilin da roba, wasu ma da baƙin salatif na masu gyaran lantarki. Sannan suka gyara hannunsu: su tsayar da sandar filafili a miƙe, su tsoma shi can gaba, su zare shi da ya kawo daidai ƙafa, kada ya wuce baya ya karkace ya doki allo. A kare jiki, a dakushe kaifi, a gyara hannu. Mutanen nan wasa suke yi, in allon ya lalace kuɗi kawai suka rasa. Mu kuwa abin da muke ɗorawa a kan jirgi buhunan gero ne, da awaki, da babura, da mata masu goyo ranar kasuwa.

Na san wani a Gazawa zai ce, mu da ke tudu ina ruwanmu da jirgi? Gaskiya ne Gulbin Kaba, wanda ya ratsa wannan yanki ya nausa ta Mayahi kafin ya karyo kudu, yawancin shekara goriba ce da yashi a cikinsa. Amma Gulbin Maraɗi yana da rai. Daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya shigo ta Madarunfa, ya gifta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya fita ta wajen Sululu ya koma Najeriya ya zuba a Rima. Tun da aka gina madatsar Jibiya wajen shekarar 1990 ruwansa ya ragu, har wasu suka fara raina shi. Shi kuwa bai manta hanyarsa ba. Ambaliyar 1945 ce ta tayar da tsohon garin Maraɗi daga cikin fadama ta mai da shi kan tudu. Ga kuma daminar 2024: kusan mutum 400 suka rasu a faɗin Nijar, sama da miliyan ɗaya da rabi ruwa ya shafa, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ranar da gulbi ya cika ya raba manomi da gonarsa, ya raba gari da kasuwa, ɗan tudu da ɗan fadama jirgi ɗaya suke shiga. Sannan ga tafkin Madarunfa, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019, inda kwale-kwale ke ciyar da gidajen masunta da yawa.

Yanzu, baba mai jirgi, mu je mu duba naka tare. Ka tsaya a baya, inda ka saba tsayawa, ka shafa bakin jirgi a ɓangaren da hannunka ya fi ƙarfi. Ka ji wurin ya yi santsi ya lotsa? Nan ne kake jingina sandar filafili ka banƙare ta idan za ka juya goshin jirgi. Dabara ce mai sauƙi, kowa na yin ta, amma kowane banƙare cizo ne. Da farko kwalta ko fenti ke tafiya. Sai itace ya fito tsirara. Sai ya fara sartse. Daga nan ruwa ya shiga jijiyar katako, kuma katako ya fi shan ruwa ta inda jijiyarsa ta yanke, kamar yadda kara ke zuƙar ruwa ta bakinsa. Ga wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: katakon da ke nutse cikin ruwa kullum ba ya saurin ruɓewa, haka wanda ke bushe kullum. Wanda ke jiƙewa ya bushe, ya jiƙe ya bushe, shi ruɓa ke kamawa. Bakin jirgi kuwa aikinsa ke nan, filafili ya ɗigo masa ruwa, rana ta busar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In bakin jirgi ya ruɓe, kada ka ɗauka ado ne ya tafi. Shi ke riƙe da kan haƙarƙarin jirgi, shi ke ɗaure katakan gefe. Ƙusoshin da ke wurin sai su rasa abin kamawa, su fara rawa, tsatsa ta faɗaɗa raminsu. Ranar da aka yi lodi, ruwa ya matso daga waje, kaya suka turo daga ciki, daidai wannan wuri ne zai buɗe.

Abu na biyu da ke cin jirgi, gora. Ina nufin doguwar sandar da ake dogarawa a ƙasan ruwa a tura jirgi, ba goran duma na masu su ba. Wasu kan sa mata ƙarfe a gindi don ta kama ƙasa. To wannan ƙarfe, idan an iso gaɓa aka wurga gora cikin jirgi, kan katakon ciki yake sauka. Haka idan jirage biyu suka matsu, sai ka ga an dogara gora a haƙarƙarin jirgin maƙwabci an tura. Tsagar da wannan ke jawowa ba ta nuna kanta ranar. Siririya ce kamar gashi, sai an kwana biyu a fara cewa jirgin nan ya cika yoyo, a sa yaro kwarfe ruwa da gwangwani, a ci gaba da fito.

Na uku, filafilin da ya tsufa. Gefensa ya tsage ya yi kaifi kamar wuƙa, ko kuma an yi masa faci da kwano aka bar bakin kwanon a tsaye, ko an buga ƙusa kanta ya leƙo. Irin wannan filafili zarto ne a hannunka. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle itace da ƙarfe.

To mene ne magani? Mu fara da wanda ba a sayen sa da ko dala, wato hannu. Kai ɗan samari da ka karɓi tuƙi daga mahaifinka, ƙarfi kana da shi, Allah ya ƙara. Amma ka saurari jirginka. Tsohon matuƙi in yana tafiya, ƙarar ruwa kawai za ka ji. Sabon hannu kuwa ƙwas, ƙwas, ƙwas, tun daga wannan gaɓa har waccan. Kowace ƙwas ɗin nan ɓarna ce. Ka miƙar da sanda, hannun sama ya fito daidai bisa na ƙasa, a wajen jirgi. Ka tsoma gaba, ka ja kusa da jirgi ba tare da ka taɓa shi ba, ka zare da wuri. In za ka juya, ka murɗa fuskar filafili a cikin ruwa da wuyan hannu, maimakon ka mai da bakin jirgi madogara. Kwana biyun farko kafaɗa za ta yi tsami. Bayan nan za ka ga jirgin ma ya fi miƙewa.

Sai filafilin kansa. Ka zauna da shi da yamma, ka goge gefensa da magagari ko takardar gugar katako har ya yi kwana-kwana, ba kaifi. Ka shafa masa mai ya sha, man gyaɗa ko man kaɗe, don kada ya bushe ya tsage. Daidai inda sanda ke haɗuwa da bakin jirgi, ka naɗe ta da robar cikin taya, irin wadda muke ɗaure kaya a bayan babur, ko ka kai wa baduku ya ɗinka mata fata. Masu tuƙin kwale-kwale a Turai sun daɗe suna ɗinka fata a wuyan filafilinsu saboda wannan dalili. Mu da muke da jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, ba za mu rasa tafin hannu guda na fata ba. In kuma akwai facin kwano, a lanƙwashe bakinsa ciki, a nutsar da kan ƙusa.

Sai bakin jirgi. A nan ina kira ga kafintoci. Malam kafinta, idan ka gama haɗa jirgi, ka ƙara masa wani siririn katako a kan baki, daga inda matuƙi ke tsayawa zuwa iyakar inda hannunsa ke kaiwa. Wannan katako fansa ne. Shi zai sha gugar, in ya cinye a cire a sa wani, jikin jirgi na nan kalau. Tun ran gini tun ran zane. Wanda ba shi da halin katako, tsohuwar tayar babur ta wadatar, a tsaga ta a kifa a bakin. Amma a kula da abu biyu, don gyara ma yana iya zama ɓarna. Na farko, roba tana ɓoye ruwa. In ka kifa ta a kan jiƙaƙƙen itace, ka gina wa ruɓa ɗaki. A bari katako ya bushe sarai, a shafe shi da kwalta, sannan a ɗora roba, kuma kowace shekara a ɗaga a leƙa ƙarƙashi. Na biyu, ƙusa. Kada a jera ƙusoshi a layi ɗaya kusa da juna a kan jijiya guda, tsaga katakon za su yi. A fara huda rami, a yi amfani da ƙusa mai farin rufi wadda ba ta saurin tsatsa. Kuma ina roƙo a daina shafe jirgi da baƙin man inji. Yana wankewa cikin ruwa, ruwan nan kuwa shi dabbobinmu ke sha, cikinsa kifinmu ke rayuwa.

Ita kuma gora, a yi mata wurin kwanciya. Gammon tsohuwar taya ko guntun buhu a cikin jirgi inda gindinta zai sauka. A ajiye ta, kada a jefa. In za a rabu da jirgin maƙwabci, a tura da hannu ko da ƙafa.

Akwai wani abu da ya bambanta mu da mutanen Kwara ko na tafkin Cadi. Gulbinmu na damina ne. Wata uku ko huɗu yana gudu, sauran shekara jirgi na kwance. Kuma a wannan kwanciya ƙaramin rauni ke zama babba. Jirgin da aka bari a kan yashi cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, katakonsa yana tsukewa, mahaɗai su buɗe, tsagar da filafili ya fara ta ƙara tsawo. Ta ƙasa kuma gara na aikinta. Saboda haka da ruwa ya janye, a fito da jirgi, a wanke laka, a kifa shi bisa duwatsu ko bulo don kada ya taɓa ƙasa, a inuwa, a rufe da zana yadda iska za ta riƙa ratsawa. A bi shi da tsinin wuƙa ana dannawa. Duk inda wuƙa ta shige da sauƙi, wurin ya mutu, a yanke a sa sabo. Idan damina ta ƙarato, a jiƙa shi kwana biyu ko uku katako ya kumbura mahaɗai su rufe, a gwada shi babu kowa a ciki, kafin a ɗauki ran mutum. Rani shi ne lokacin gyara. Ranar da gulbi ya kawo, jama'a sun taru da kaya a gaɓa, babu mai haƙurin jiran kafinta.

Wani zai ce in ya lalace ai sai a sassaƙa wani. Da wane itace, ɗan'uwa? Manyan maɗatai da kakanninmu ke fafe jirgi guda daga gungumensu, nawa suka rage a ƙasar nan? Yau katako daga kudu ake kawo shi, da tsadarsa da wahalar hanya. Kuma mutanen Agye sun fi kowa sanin darajar itace. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, lokacin da gonaki suka zama fili fetal, manoman jihar Maraɗi ne suka rungumi sassaben zamani, suka bar toho ya tashi a gonakinsu suna yi masa aski. Garin Ɗan Saga ya yi suna a kan haka har baƙi na zuwa koyo. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 suka dawo a kan kadada miliyan 5 a faɗin ƙasar. Wanda ya yi renon gawo shekara ashirin ya san itace ba ya girma da gaggawa. Duk shekarar da ka ƙara wa jirginka, ka bar wata bishiya a tsaye.

Ba zan ce muku gugar filafili ce ke kifar da jirage ba. Haɗarin da ya faru a Bagwai ta jihar Kano ranar 30 ga Nuwamba 2021, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ƴan Islamiyya da ke kan hanyar Mauludi, lodi fiye da kima aka zarga. Haka na Goronyo a watan Agustan 2025, a kan ruwan Rima, wanda gulbinmu ke zuba a cikinsa, jirgi ɗauke da sama da mutum 50 masu zuwa kasuwa. Allah ya jiƙansu da rahama. Lodi da rashin rigar ruwa su ne manyan masu kisa. Amma lodi yana neman wuri mai rauni ne ya karya, kuma matuƙin da ya saba duba bakin jirginsa kowace safiya shi ne dai wanda zai iya ɗaga hannu ya ce ya isa, saura su jira sahu na biyu. Kula hali ne, kuma daga ƙananan abubuwa ake koyon sa.

Don haka ina kira ga sarakunan ruwa, ranku ya daɗe, da masu gari da magadan gari na Tsibiri da Gidan Rumji da sauran garuruwan bakin gulbi: a sa rana guda kafin ruwa ya sauka, a fito da kowane jirgi da filafilinsa da gorarsa, dattawan sana'a su duba a gaban jama'a. Ku kuma iyayenmu mata da ƴan kasuwa, kafin ku sa ƙafa ku dubi bakin jirgi, ku dubi yawan ruwan da ke kwance a ciki. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Kuma in mai fito ya ƙara wani abu kaɗan a kan kuɗin fito don ya yi gyara, kada a yi masa gardama, ranku yake gyarawa.

Kai kuma baba mai jirgi, gobe da asuba in Allah ya kai mu, kafin ka kwance igiya, ka shafa wurin nan da na faɗa maka. In ka ji rami irin na kututturen rijiya, to hannunka ne ya haƙa shi, kuma hannunka ne zai iya tsayar da shi, da guntun fata, da tsohuwar taya, da ɗan katako.

A nan za mu dakata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare masu shiga ruwa, ya fitar da kowa gaɓa lafiya. Sai wani jiƙon.